Injin babur ɗin ƙanƙara yana ƙwanƙwasa bayan na ƙara masa matsi

Jama'a sannunku, abin nan ya ishe ni. Babur ɗin ƙanƙara gare ni, irin wanda ake hawa a kan dusar ƙanƙara, mai inji 800cc, mai bugu biyu. Na sa an aske kan silinda don matsi ya ƙaru, na kuma canja salansa. A da fetur mai oktan 91 (oktan shi ne ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasa) nake zuba masa, lafiya lau. Yanzu da na danne totur a hawan tudu sai in ji ƙas-ƙas kamar tsakuwa cikin gwangwani, musamman ran da sanyi ya tsananta.

Na kwance fulogi na tarar bakinsa fari fat, da ɗigo-ɗigon alminiyom kamar an barbaɗa gishiri. Gabana ya faɗi, don na san fistan ne ke ci.

Na sa jet (ƙaramar kafar da fetur ke bi) mafi girma a kafireta, ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. Na koma 91 marar etanol (barasar da ake gaurayawa da fetur), na zuba maganin ƙara oktan na kwalba, wanda a ganina asarar kuɗi ce kawai.

Shin in gauraya 91 da man tsere mai oktan 110 zai kashe wannan ƙwanƙwasar?