Wai Hellcat kwaikwayon Zero ne?

Habu: Jama'a, ni dai ina kan bakata. Sai da Amurkawa suka tsinci jirgin yaƙi na Zero na Japan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a tsibirin Akutan, can Alaska, suka kwance shi, sannan suka ƙera nasu jirgin yaƙin, Hellcat. Satar fasaha ce tsagwaronta.

Malam Isa: Habu, duba kwanan wata mana. Sojan ruwan Amurka sun ba kamfanin Grumman kwangilar jirgin ran 30 ga Yunin 1941, tun ba a kai harin Pearl Harbor ba. Na gwajin ya tashi 26 ga Yunin 1942. Zeron nan kuwa ba a gano shi ba sai 10 ga Yuli, ba a kuma tashe shi a San Diego ba sai Satumba. Ɗa ya taɓa rigan ubansa haihuwa?

Habu: Allah ya gafarta Malam, to injin da aka canja fa?

Malam Isa: An cire Wright R-2600, an sa Pratt & Whitney R-2800 mai ƙarfin doki 2,000. Amma mai sabon injin ya tashi 30 ga Yuli, lokacin Zeron ko gyara bai samu ba. Koken matuƙan Wildcat, jirgin Grumman da ya rigayi Hellcat, da ke shan wuya a Fasifik shi ya yi tasiri.

Injiniya Binta: Ku kalli jiragen ma. Zero sakayau ne, ba sulke a bayan matuƙi, tankin mansa ba ya toshe kansa in harsashi ya huda. Hellcat ƙato ne mai nauyi, da sulkensa. Abin da aka tsinta a Akutan dabarar faɗa ce: in gudu ya yi yawa, Zero ba ya juyuwa da sauƙi.

Habu: Yaya Binta, amma Hellcat guda 12,275 daga masana'antar Grumman ɗaya a Bethpage, can New York? Dole aikin gaggawa ne, a yi sama-sama.

Injiniya Binta: Ka kwatanta shi da kamfanin Brewster, ƙanena. Su ne suka ƙera jirgin yaƙi na Corsair guda 735 da ba a kai fagen daga ba, har aka soke kwangilarsu a 1944. Na Grumman ko ya sha harsashi yakan lallaɓa ya sauka kan jirgin ruwansa.

Malam Isa: Inda zan mara wa Habu baya shi ne cewar da ake yi Hellcat na kakkaɓo jiragen abokan gaba 19 kafin a rasa 1. Iƙirarin matuƙa ne, kuma a tsakiyar yaƙi mutum biyu sukan ƙirga jirgi ɗaya.

Habu: To ko ku fa! Gobe zan dawo da maganar injin, ban gama ba.