Neman shawara a kan katakon ado na bakin silin

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu sana'ar kafinta. Ni kafinta ne a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma yau kwana tara ke nan wani aiki ya tsaya mini.

Wani dattijo ya ba ni aikin ɗakin amaryar ɗansa, ya ce in zagaye bakin silin da siririn katakon ado mai tudu da kwari, wanda yake rufe tsagar da ke tsakanin silin da bango, ya kuma ƙawata ɗakin. Maigidana ya koya mini cewa a kowace kusurwa ana yanka bakin katakon biyu a kan digiri 45, domin su haɗu su ba da 90. Na yi hakan da zarto, kusurwa uku sun zauna daram, amma ta huɗu ta ƙi, domin maginin bai fitar da ita daidai ba, har yatsana yana shiga ramin da ya rage. Na ɓata katako biyu a kanta, kuma ba na son in cusa garin katako da gam in shafe da fenti, domin a ganina wannan ha'inci ne ga mutumin da ya amince mini.

Shin in auna kusurwar in raba ta biyu, ko kuwa in sassaƙe bakin ɗaya ya hau kan zanen ɗayan? Sannan katakon da ɗan danshi, ina tsoron idan hunturu ya shigo zai tsuke, mahaɗar ta sake buɗewa. Biki saura mako uku. Allah Ya saka da alheri.