Malamai masu son jinsi ɗaya a Amurka: su faɗa ko su yi shiru?

Wata shawara da malaman makarantun gwamnati kan ba juna ita ce kada a yi gaggawar bayyana hakan a makaranta. Tun 2020 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta korar ma'aikaci saboda jinsin wanda yake so, amma sabon malami ana iya ƙin sabunta masa kwantiragi ba tare da dogon bayani ba. Shi ya sa wasu suka ce a bari sai an tabbatar da mutum a aiki, a kuma fara tuntuɓar ƙungiyar malamai. Jiha ma da muhimmanci: dokar Florida ta 2022 ta taƙaita koyar da wannan batu a aji.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce ajiye hoton iyali a kan tebur. In ɗalibi ya tambaya, a amsa a taƙaice, a koma darasi.