Wa ya taɓa kama gidan haya a ƙasar waje don hawan keke? Ku ba mu labari

Ɗan Zengo:
Salamu alaikum jama'a. Kun dai san ni da keke, duk Lahadi Damagaram zuwa Mirriya in dawo kafin rana ta buɗe. To bana Allah ya hore ɗan abin da ya hore, ina son in yi hutun sati guda a ƙasa mai duwatsu, in kama gida ba otel ba, keken ma in yi haya can. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa, ban da an ce an ce.

Mushe na Birni:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na yi, lokacin ina karatu a Faransa, mu huɗu muka haɗa kuɗi muka kama wani ɗan gida a Bourg-d'Oisans, garin da ke gindin dutsen Alpe d'Huez. Abu na farko, kuɗin da ka gani a intanet ba shi ne kuɗin ba. Mun iso da dare a gajiye sai matar ta ce a ajiye kosiyo, wato kuɗin jingina ko da an ɓata wani abu, yuro 300, ka lissafa da sefa 655 kowane yuro ka ga kusan jika 197 ke nan, ga kuɗin shara daban, ga harajin kwana da ake karɓa kan kowane mutum, kuma gado ba zanin gado wai kowa da nasa yake zuwa. Da jallabiya na rufa daren farko wallahi. Ranar tafiya ta zo tana ƙirga cokula ɗaya bayan ɗaya, kofi guda ya fashe ta cire a kosiyo, ba mu da bakin magana don ba mu ɗauki hoton komi ba ranar shiga.

Shi kuma dutsen, kilomita 13.8 ne kacal, bai ma kai Mirriya ba, shi ya sa na raina shi. Hanyarsa kwana-kwana ce har 21, kowace kwana da allo mai lamba da sunan waɗanda suka taɓa cin tsere a wurin, kuma lambar daga 21 take sauka zuwa 1. A kwana ta 16 na sauka na kama ƙarfen gefen hanya ina haki kamar ragon da aka kora daga kasuwar Dole, wata tsohuwa mai furfura ta wuce ni har da ce mini in yi ƙoƙari. Sama da awa biyu na yi. Da na isa sama aka ce mini ɗan tseren keken Italiya Marco Pantani ya hau shi ƙasa da minti 38, na ce wannan ba mutum ba ne. Daga baya na ji a 1999 an fitar da shi daga tseren Italiya yana kan gaba, don kaurin jininsa ya wuce kashi 50 cikin ɗari da aka ƙayyade, wanda a lokacin shi ne alamar da ake zargin mutum da EPO, maganin ƙara jini da aka haramta wa ƴan tsere.

Maman Biyu:
Mushe ka ba ni dariya da jallabiya. Ɗan Zengo ka manta da Faransa tukuna, ofishin jakadancinsu na Yamai a rufe yake tun farkon 2024, wahalar biza kaɗai ta ishe ka. Mu Kigali ta ƙasar Ruwanda muka je ni da maigida a Satumba 2025, ni sayayya ta kai ni shi kuma kallon gasar keke ta duniya, karon farko da aka yi ta a Afirka. A filin jirgi aka buga mana biza. Mun kama gida wajen Nyamirambo, unguwar Musulmi ce, masallaci kusa, nama ba sai ka tambaya ba. Amma mai gidan ya rubuta wai minti biyar zuwa bakin titi, bai ce minti biyar ɗin gangara ce ba, dawowa da kaya a hannu sai na huta sau biyu. Kuma kuɗin ya hau saboda gasar. Maigida ya yi hayar keke kwana ɗaya ya ce zai hau tudun nan mai shimfiɗar duwatsu da suke kira bangon Kigali, ya dawo yana tura keken da hannu bai ce da kowa komi ba sai da ya ci abinci. Pogacar ne ya ci, mun gan shi ya wuce shi kaɗai kamar mai babur. Kar ka sa leda a jaka, an hana ta a ƙasar.

Direban Waga:
Ni nawa ba na masu kuɗi ba ne. Na taɓa dacewa da tseren keke na Tour du Faso ina Wagadugu da mota, ɗaki na kama ta hannun wani ɗan garinmu, tabarma da fanka, ba kosiyo ba komi. Ƙasar shimfiɗe take kamar tamu, in duwatsu kake nema ba can ba.

Kabu-kabu 05:
Ku daina wahalar da kanku, duk ƴan tseren nan ƙwaya suke sha. Lance Armstrong ba sau bakwai ya ci babban tseren Faransa, Tour de France, ba aka ƙwace? Ɗan Zengo ka jefa tramol biyu ka hau dutsen kowace ƙasa.

Ɗan Farmasi:
Haba abokina, ko da wasa kar ka faɗi haka. Gaskiya ne an ƙwace na Armstrong na 1999 zuwa 2005 a 2012, shi da bakinsa ya amsa a 2013. Amma tramol ɗin nan da kake rainawa shi ma an hana shi a tseren keke tun Maris 2019, kuma a kansa aka soke wa Nairo Quintana matsayi na shida a Tour de France na 2022. Ba ƙarfi yake ƙarawa ba, zafi yake ɓoyewa, ga jiri, mutum yana gangarowa daga dutse a guje da jiri ka san sauran.

Ni dutsen Mont Ventoux na Faransa na hau, na je wani kwas a Marseille wani abokin aiki ya ɗauke ni muka kwana biyu a Bédoin, ɗaki ne a bayan gidan wasu tsofaffi masu gonar inabi, mutanen kirki, har wurin kulle keke suka ba mu. Kilomita 21 ne daga can. Cikin daji ne ya fi kisa, in ka fito kuma ba bishiya ko ɗaya, farin dutse kawai da iska kamar hanyar Tanut. Saura kamar kilomita ɗaya a kai sama akwai dutsen tunawa da Tom Simpson, ɗan tseren keken Ingila da ya faɗi ya mutu a wurin ranar 13 ga Yuli 1967, an samu ƙwayar amfetamin a jikinsa ga zafin rana. Mahaya na barin goran ruwansu a gindin dutsen. Zan faɗi gaskiya, ƙafata tana rawa a lokacin, da wani ya miƙo mini abu ya ce zai ɗauke zafin ban san me zan ce ba, ni da nake hana mutane kullum a kanti. Dabinon da na zo da shi daga gida na ci guda biyar na zauna kusan rabin awa.

Kabu-kabu 05:
To likita na ji, wasa nake.

Mushe na Birni:
Wani abu da na manta. In za ka yi hayar keke ka aika musu tsawonka tun kafin ka je, kuma ka ce su sa maka feda ta gama-gari, ba mai kama takalmi ba. Ɗaya daga cikinmu ya ce shi gwani ne, a danjar farko ya tsaya ƙafa ta ƙi fita ya kife a gaban mutane.

Ɗan Zengo:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Da alama Kigali zan nufa. Maman Biyu don Allah ki tambayar mini Alhaji nawa ya biya hayar keken a rana, kuma sun riƙe fasfo ne ko kuɗi suka karɓa?

Maman Biyu:
Ya fita masallaci, in ya dawo zan tambaye shi. Amma ka ce keke kawai, kar ka ambaci tudun.