Ta yaya zan buɗe wa ma'aikata PBX daga gida ba tare da ɓarayin kira sun shigo ba?

SabonHannu:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ni ke kula da wayoyin ofishinmu, FreePBX muke amfani da shi, wato manhajar PBX mai rarraba kira tsakanin wayoyin ofis, to oga ya ce ma'aikata uku za su riƙa aiki daga gida dole layinsu na ofis ya bi su, sai na buɗe ƙofa 5060, wadda kiran waya ta intanet ke bi, a rawuta. Wallahi ko kwana ba a yi ba na duba rajista na ga wasu adireshi da ban sani ba suna ta gwada lamba 100, 101, 102 a jere ba tsayawa. Na rufe dai yanzu amma gobe za a tambaye ni. In na canza ƙofar zuwa wata lamba ya isa?

TsohonInjiniya:
Wa alaikumus salam. Gara da ka rufe ɗan uwa. Waɗannan ba mutum ba ne zaune yana dannawa, manhaja ce irin su SIPVicious take zagaye intanet dare da rana tana neman duk inda 5060 yake a buɗe, in ta samu lambar ciki mai kalmar sirri irin 1234 shi ke nan. Kuma ba don su gaisa da kowa suke satar layin ba, suna da lambobi masu tsada a ƙasashen waje da ake raba kuɗin kiran da su, sai su sa na'urarka ta yi ta kiran lambobin layi goma ashirin lokaci guda, yawanci cikin dare ko ƙarshen mako sanda ba kowa a ofis, ku kuma bil ya same ku.
Canza ƙofa hayaniya kawai yake ragewa. Ka kafa VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet, irin WireGuard ko OpenVPN, su fara shiga ta nan sannan manhajar wayar ta haɗu da PBX kamar suna cikin ofis. 5060 kuma kar ya ga kowa a waje sai adireshin kamfanin da ke ba ku layi.

Mai_Lura:
Gaskiya ne Malam, amma ni abin da ya fi damuna kowa ƙofar shiga yake kallo a manta da ta fita. Mu ta akwatin saƙon murya aka cuce mu, lambar sirrinsa 0000 ce tun ranar da aka kafa ba wanda ya taɓa ta, kuma an bar shi yana iya tura kira waje, VPN bai hana wannan ba tunda ta layin waya suka bugo. Sai safiyar Litinin muka gani, ranar ban iya cin abinci ba.
Ka ɗauka wata rana za a shigo, sai ka tambayi kanka nawa za su iya ci kafin ka farka. Toshe kiran ƙasashen waje gaba ɗaya ka buɗe wa ƙasar da kuke hulɗa da ita kaɗai, ka ƙayyade kira nawa za su fita lokaci guda, DISA, wato damar da mutum zai bugo daga waje ya yi kira da layin ofis, in ba kwa buƙata a kashe. Sannan ka kira masu ba ku layi su sa muku iyakar kuɗi a rana, in an kai su yanke su sanar da kai.

SabonHannu:
Na gode sosai. To ɗaya daga cikinsu wayar tebur za ta kai gida, ban san ko tana ɗaukar VPN ba

TsohonInjiniya:
Duba littafinta, da yawa suna da OpenVPN a ciki. In babu, sa mata ƙaramar rawuta mai VPN a gidan. In dole sai an buɗe to TLS, mai ɓoye bayanan haɗin, a ƙofa 5061, kalmar sirri doguwa wadda na'ura ta haɗa, kowace lamba da tata, fail2ban kuma, mai toshe adireshin da ya yi ta gwada kalmar sirri ba daidai ba, a kunne. Shafin admin da 5038, ƙofar sarrafa na'urar, kam kar su taɓa leƙa waje, a 2019 an gano rami a FreePBX da ke shigar da mutum shafin ba tare da kalmar sirri ba. Naka wane fitowa ne, yaushe ka sabunta shi?