Masu son yin mastas a tarihin tattalin arzikin duniya, ga abin da aka tattauna

To jama'a, a tattaunawar da aka yi kan yadda mutum zai shirya wa mastas a wannan fanni, abin da kusan kowa ya nanata shi ne lissafi. Kar ka shiga da tunanin labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe za ka karanta, yanzu fannin ya koma aiki da alƙaluma, farashin hatsi, albashin leburori, kuɗin haraji na shekaru ɗaruruwa, don haka ka koyi kididdiga da manhajar kwamfuta ta Stata ko R tun kafin ka nemi gurbin karatu, in ba haka ba wallahi zangon farko zai ba ka wuya.

Makarantu an ambaci LSE (London School of Economics) a Landan, tana da sashe guda na wannan fanni amma akwai tsada, sai jami'ar Lund a Suwidin, da ta Groningen a Holan inda ake tattara alƙaluman Maddison, wato ƙiyasin arzikin ƙasashen duniya tun zamanin da. Kuɗi kuwa a gwada tallafin karatu na Chevening ko Commonwealth ko Erasmus Mundus.

Wani ya ce ka fara neman malamin da zai duba aikinka kafin sunan makaranta, ni ma nan na tsaya. Kuma kar ka ce za ka rubuta tarihin duniya gaba ɗaya, ɗauki abu ɗaya, misali cinikin gyaɗar Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, takardun suna nan a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna.