Neman shawara: mahaifiyata tana jin gogar zane kamar wuta bayan shanyewar ɓarin jiki

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma cikin ikon Allah ƙarfin hannunta da ƙafarta na hagu ya dawo, har tana tafiya da kanta. Abin da ya hana mu sukuni shi ne, makonni uku ke nan tana kukan ɓangaren hagun yana yi mata raɗaɗi kamar an zuba garwashi, ta yadda ko zane ya goge ta ko ruwan sanyi ya taɓa ta sai ta yi ƙara, alhali idan na danna fatar da yatsa takan ce da ƙyar take ji. Babu kumburi, babu ƙurji. Likita ya ce hoton ƙwaƙwalwarta ya nuna raunin yana wani wuri mai suna talamus, a ɓangaren dama. Wasu dangi sun fara cewa raki ne, abin yana yi mini ciwo ƙwarai. Yaya rauni a dama zai jawo ciwo a hagu, kuma me ya kamata in yi?

Amsar wani malamin ilimin jijiyoyi:
Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ba raki take yi ba. Likitocin Faransa biyu, Dejerine da Roussy, sun bayyana irin wannan ciwo tun 1906, kuma an san yakan ɓullo makonni ko watanni bayan shanyewar, lokacin da iyali suka fara samun kwanciyar hankali.

Talamus guda biyu ne, dama da hagu, a can tsakiyar ƙwaƙwalwa. Saƙon gani da na ji da na ɗanɗano da na taɓi duk sai sun yada zango a cikinsa kafin su isa ɓawon ƙwaƙwalwa, inda mutum yake gane abin da ya same shi. Ƙamshi ne kaɗai yake iya isa ba tare da ya fara bi ta nan ba. Saƙon fata yana hawa ta hanyoyi biyu. Na taɓi mai laushi yana bin laka har gindin ƙwaƙwalwa, a can yake tsallakawa ɗaya ɓangaren, shi kuwa na zafi da sanyi da ciwo tun a cikin laka yake tsallakawa. Saboda haka duk abin da hagun jiki ya ji, talamus na dama ne yake karɓarsa, kuma amsar tambayarki ta farko ke nan.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne ƙwayoyin jijiyar talamus ba miƙa saƙo kawai suke yi ba, tace shi suke yi. Akwai wani siririn layin ƙwayoyi da ya lulluɓe talamus, aikinsa danne saƙon da ba a buƙata, sannan ɓawon ƙwaƙwalwa ma yana mayar da umarni ƙasa kan abin da za a ƙarfafa da wanda za a rage. Idan rauni ya ɓata wannan daidaito, bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne ƙwayoyin da suka tsira sukan riƙa harbawa fiye da kima, sai taɓi ya dushe amma gogar zane ta isa a matsayin ƙuna.

Amsar wata da ta yi jinyar mahaifinta:
'Yar'uwa, na ga irin wannan da idona. Mun ɓata lokaci muna shafa masa magani a fata, ba mu san matsalar ba a fatar take ba. Abin da ya rage masa wahala shi ne tufafi masu laushi marasa matsewa, da ruwa mai ɗumi kaɗan wajen wanka, da sanar da shi kafin a taɓa shi. Ki riƙa rubuta lokacin da ciwon yake tashi da abin da ya tayar da shi, domin ɓacin rai da sanyi sukan tsananta shi, kuma likita zai amfana da rubutun.

Amsar wani mai harhaɗa magunguna:
Hajiya, ki mayar da ita wurin likitan jijiyoyi ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba, ki faɗa masa kalmomin da take faɗa daidai. Parasitamol da dangoginsa ba kasafai suke taɓa wannan ciwo ba, ibuprofen kuwa yana ƙara haɗarin zubar jini ga wanda yake shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Likitoci sukan gwada amitriptyline, lamotrigine, gabapentin ko pregabalin, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi. Kada ki saya da kanki, domin wasunsu suna sa jiri da barci, tsofaffi kuma sukan faɗi. Idan kika ga bakinta ya karkace ko maganarta ta sarƙe ko wani sabon rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa ya zo farat ɗaya, a kai ta asibiti nan take.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa ƙannena bayanin Malam, kuma gobe da safe za mu koma asibiti da rubutun da na fara yi tun daren nan.